Rabin Waƙar Gidaɗo

Duk wanda ya yi wayo a Tambuwal kafin a ba da mulkin kai ya san Na'iya mai kiɗan noma. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don murya ce da ba ta neman izinin shiga gidan kowa. Gajere ne kakkaura, yana tafiya a karkace saboda gangar da aka rataya masa tun bai san ciwon kansa ba. Gado ya yi. Ubansa makaɗin noma ne, kakansa ma haka. Da ya kawo ƙarfi sai ya zama shi ne bakin jama'arsu, shi ke waƙa, abokin tashinsa Ɗangiwa na riƙe da babbar ganga, 'yan amshi na biye da su. Sun daɗe tare ƙwarai. Ana mutuwa ana maye gurbi, wani ya yi fushi ya tafi wani ya shigo, amma su biyun nan ba su taɓa rabuwa ba.

Aikinsu a gona yake. In mutum ya kira gayya, samari da magidanta suka jeru da garmuna a bakin kunya, sai a kira Na'iya ya zo ya zuga su. Zugar kuwa tana da ƙa'ida, kuma kowane ɗan yankin ya san ta. Ba a fara wa gwani da yabo, don yabo tun da safe sanyaya jiki yake yi. Da zambo ake fara masa. A kira shi rago, a ce barci ya fi ƙarfinsa, a yi ta tsokanarsa har zuciya ta ɗebe shi ya ɗaga garma sama ya yi kururuwa. Da Ɗangiwa ya ga garma ta tashi sai ya canza kiɗi, Na'iya kuma ya shiga abin da suke kira wanki, wato ya kwashe duk abin da ya faɗa ya maye shi da kirari, manomi na tsaga ƙasa, mata na guɗa daga gindin itace. Ba a tashi daga gona da zambo a kan mutum. Ragon gaskiya kuwa ba a ko kallonsa, balle a ɓata waƙa a kansa.

Cikin duk manoman da Na'iya ke yi wa kiɗi, babu wanda ya sha zambo kamar Gidaɗo na Kebbe, don babu wanda ya kai shi noma. Dogo ne siriri, marar yawan magana, in ya kama kunya ba ya ɗagowa sai ya ga ƙarshenta. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunsa ne ya riƙe rabin unguwarsu har aka ga sabon gero. Ga shi kuma taubashin Na'iya ne. Uwar Gidaɗo, Goggo Tambaya, ƙanwar uban Na'iya ce, aure ya kai ta Kebbe. Tsakanin taubasai kuwa babu maganar da ta yi nauyi. In suka haɗu, tun daga nesa Gidaɗo zai ce, "Kai bawan gidanmu, yau ma ka zaka cin tuwon banza?" Na'iya ya ce, "Na zaka in gani ko raggon Goggo ya tashi kwana." Daga nan sai a rungume juna a zauna a sha fura a ƙwarya ɗaya.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, sai aka aiko daga Sakkwato cewa wasu mutanen kamfanin faifai sun zo daga Ikko suna neman makaɗa, kuma an ba su sunan Na'iya. Suka hau motar ɗaukar gyaɗa da gangunansu suka tafi, kowa da rigarsa ta Salla. Aka sauke su, aka ba su shinkafa da nama, sannan aka shigar da su wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da barguna. Akwai Bature a zaune gaban na'ura, da tafintansa. Tafinta ya ce in ya ɗaga hannu su fara, in ya sake ɗagawa su tsaya, kuma su yi gajeruwar waƙa, don faifai ba ya ɗaukar doguwa. Na'iya ya ce to. Gajeruwar waƙa a wurinsa ita ce ta kunya ɗaya, zuwa da dawowa.

Wadda suka fi gwanancewa da ita suka ɗauko, ta Gidaɗo. Kuma kamar yadda makaɗi ke yi don kada a rikita mutum da wani, ya kira shi da garinsu da sunan uwarsa:

Gidaɗo na Kebbe, raggon Tambaya,
Hantsi ya yi shina neman hula,
Ciyawar gonatai ta yi jikoki.

'Yan amshi suna karɓawa da cewa, "Ku tashe shi, ko ya ji ko bai ji ba." Kiɗi ya yi daɗi, har Baturen yana kaɗa ƙafa. Sai dai a ɗakin nan babu gona, babu garma. Ɗangiwa na buga ganga idonsa na neman alamar da ya saba gani, Na'iya na jiran Ɗangiwa ya canza, shi kuma yana jiran abin da ba zai zo ba. Suka yi ta zagaye a cikin zambo, suna ƙara masa gishiri. Na'iya ya ja numfashi ke nan zai shiga wanki da kansa, sai hannun tafinta ya tashi.

"Ba mu ƙare ba," in ji Na'iya. "Saura yabon."

Tafinta ya ce gefen ya cika, bayan faifan kuma Bature na son wata waƙa daban, don faifai mai waƙa biyu ya fi shiga kasuwa. Na'iya ya so ya yi gardama, sai ya ji nauyi. Mutane sun sauke ka, sun ciyar da kai, ka tsaya kana ja da su a ɗakinsu? Bayan haka, me ya faɗa da bai taɓa faɗa ba? Ya gaya wa Gidaɗo abin da ya fi wannan muni a gaban jama'a, kuma ba a kai magariba ba kowa ya manta. A saninsa waƙa aba ce da ake yi iska ta kwashe. Suka yi wa Bature waƙar auduga, suka kama hanyar gida suna ta ba juna labarin shinkafar da suka ci.

Bayan wasu watanni faifan ya iso Tambuwal. Ɗanmaliki mai shayi ne ya fara kawo shi, don shi kaɗai ke da garmaho a bakin kasuwa. A jikin faifan an rubuta Na'iya Tambuwal da Jama'arsa. Ran kasuwa Gidaɗo ya shigo da jakunansa ɗauke da gero, Na'iya ya je ya jawo shi da hannu ya zaunar da shi a benci. Ɗanmaliki ya wana garmaho ya ɗora allura. Gidaɗo ya yi dariya har da hawaye, musamman wurin hular nan. Da allura ta kai ƙarshe sai ya gyara zama ya ce, "To, sa muna sauran." Ɗanmaliki ya kifa faifan, sai ga waƙar auduga. Gidaɗo ya saurara kaɗan, murmushin bai bar fuskarsa ba tukuna, ya dubi Na'iya.

"Ina nawa?"

"Wurin ya cika, taubashi. In mun haɗu gayya ni biya ka."

"To," in ji Gidaɗo. Ya tashi ya koma wurin jakunansa.

Na'iya ya biya shi kuwa, a gayya ta gaba, wanki mai tsawo har sai da Gidaɗo ya ce ya isa haka. Amma waɗanda suka ji wankin nan ba su wuce cikin gona ɗaya ba, faifai kuwa ya riga ya hau mota. Ya je Gusau, ya je Kano, ya je wurin masu haƙar kuza a Jos, ya bi 'yan cirani har Kurmi. Sannan rediyo ta ɗauka. A lokacin akwai wani fili da ake yi mako-mako, masu saurare su aika da kati su zaɓi waƙa su gai da 'yan'uwa, a ƙarshen filin mai gabatarwa ya faɗi waƙar da ta fi samun masu zaɓe. Mutane da kansu suka raɗa mata suna Raggon Tambaya. Ta hau kan gaba da damina, aka yi girbi tana nan, aka shiga rani tana nan. Takan sauka wani lokaci in wani mai goge ko mai kalangu ya fito da sabuwa, ba a jima ba sai ta sake hawa.

Mu kuwa mutane, Allah ya shirye mu, ba abin da ke mana daɗi kamar a ba mu sunan wani mu yi ta wasa da shi. Wanda ke Jos bai san ana yin zambo ne ga gwani ba. Bai san taubasantaka ce ba. Ya dai ji an ce akwai wani Gidaɗo a Kebbe, ɗan wata Tambaya, wanda hantsi ke yi yana neman hula. Malamin makaranta in ɗalibi ya makara sai ya ce ga Gidaɗo nan ya iso. Mace in mijinta ya daɗe a kan gado sai ta leƙa ta ce ku tashe shi. Har masu yaƙin neman zaɓe, in suka shigo gari da lasifika a kan mota, da ita suke tara jama'a kafin su fara surutunsu.

Da farko Na'iya daɗi ya ji, wannan ba a ɓoye yake ba. Ana nuna shi a kasuwa, ana kiransu biki har Yawuri, kamfani ya sake nemansu suka yi wasu faya-fayan. Sun yi waƙar gyaɗa, ta ɗan taɓa kai ta sauka. Sun yi ta murnar mulkin kai, ta yi tashe na ɗan lokaci, ana kwance tutoci ta kwanta. Sun yi ta masu haƙar rijiya, wadda Ɗangiwa ke cewa ita ce mafi kyawun abin da suka taɓa bugawa, amma ko sau ɗaya ba a ji mai gabatarwa ya ambace ta ba. Duk inda suka je abu ɗaya ake tambaya.

Labarin da ya fara sanyaya wa Na'iya jiki daga kasuwar Jega ya zo. Gidaɗo ya kai dawa, wani mai saye baƙo ya tambaye shi sunansa da garinsu. Da ya faɗa sai mutumin ya saki mudu ya riƙe ciki, ya shiga kiran 'yan'uwansa su zo su ga Gidaɗo ido da ido. Aka kewaye shi ana tafi ana ku tashe shi. Ya ɗaure buhunansa ya ɗora wa jakuna ya koma Kebbe da dawarsa. Daga ranar bai sake kai kaya kasuwar da ba a san shi ba. Bayan nan tsohon sarkin noman yankinsu ya rasu. Yaro da babba sun san wanda ya cancanta, amma dattawa suka zauna suka ce yaya za a yi a ji a Arewa cewa Kebbe ta naɗa Raggon Tambaya sarkin noma? Garin za a yi wa dariya. Suka ba wani.

Ba a yi mako ba sai ga Goggo Tambaya a Tambuwal, tsohuwa tukuf, a kan jaki. Ta ƙi shiga ɗaki, ta ƙi shan ruwa. Na'iya ya durƙusa a gabanta a tsakar gida.

"Na'iya, ni nig goye ka sa'adda uwarka tak kwanta ciwo, ko ba ni ba?"

"Ke ta, Goggo."

"To ɗiyana bai kwana, bai cin abinci. Ni kuma da tsufana yara na bi na suna kiran sunana cikin waƙa. Wasa na, na sani. Ka yi wasanka, ya isa. Tashi ka tafi inda kak kai maganarga ka amso ta."

Yaya Na'iya zai gaya wa tsohuwar nan cewa maganar ba wuri ɗaya take ba? A ganinta abu ne kamar akuya da ta shiga gonar maƙwabci, a je a ba da haƙuri a jawo ta. Ya ce to, Goggo, in Allah ya so. Ta hau jakinta ta koma, ta tafi da tabbacin zai yi, don bai taɓa saɓa mata ba.

Ya gwada, wannan kowa shaida ne. Ya fara da faifan Ɗanmaliki, ya roƙe shi ya ba shi, ya kai bayan gari ya fasa da dutse. Ran kasuwa ta gaba wani ɗan tireda ya zo da wasu sababbi a cikin kwali. Sai ya koma duk inda aka kira su wasa, in ya yi zambon ya zarce da wanki. Nan ma bai tsira ba. Jama'a sun haddace faifan har inda allura ke tsayawa, da an kai wurin sai su ɗauke da tafi da ihu, su ce a sake daga farko. Yana kirari ana hira. Da ya ga haka sai ya rantse ba zai ƙara yin waƙar ba gaba ɗaya. Masu biki suka fara tsuke fuska, kira ya ragu, 'yan amshinsa biyu suka ce su da iyali gare su, suka ware suka kafa tasu ƙungiya, ba abin da suke yi sai Raggon Tambaya. Bai da yadda zai hana su.

A tsakanin nan ya haɗu da Gidaɗo a hanyar Jabo, wajen wata jana'iza. Tun daga nesa Na'iya ya shirya abin da zai mayar in an kira shi bawa. Gidaɗo ya iso ya miƙa masa hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam Na'iya, ina gajiya? Ƙaƙa iyali?"

Da ya zage shi ta uwa ta uba, da ya fi masa sauƙi. Na'iya ya amsa gaisuwar kamar yadda aka yi masa ita, suka jera suna tafiya ana maganar ruwan bana. Gidaɗo ya daina kiran gayya, ya daina zuwa ta wasu. Shi da ɗansa Dawuda suke noman gonarsu su kaɗai, ba kiɗi ba guɗa, kuma har a lokacin rumbunsa ya fi na sabon sarkin noma cika. Goggo Tambaya ta rasu a shekarar. Waɗanda suka yi jinyarta sun ce takan tambaya ko Na'iya ya dawo daga wurin da ta aike shi.

Da kamfanin ya sake zuwa Sakkwato, Na'iya ya tafi da sharaɗi ɗaya, ko a ɗauki wankin Gidaɗo ko ba zai buɗe baki ba. Suka yarda. Wannan karon sun koyi gwada tsawon faifai, Ɗangiwa ya fara kai tsaye da kiɗin da akan canza zuwa gare shi, Na'iya ya zuba duk abin da ke cikinsa:

Gidaɗo na Kebbe, bijimin kunya,
Kai ka riga rana zuwa daji,
Kai ka raka ta gida.

Yana yi muryarsa na rawa, har sai da aka sake ɗauka. Da faifan ya fito bai tsaya jira ba, ya sa shi cikin tsumma ya shiga mota ya shiga jirgin ƙasa, ya kai shi gidan rediyo da hannunsa. Mai gabatar da filin saurayi ne mai ladabi. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa lemo, ya saurari labarin tun daga farko har ƙarshe yana girgiza kai. Sannan ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya buɗe, cike da katunan masu zaɓe.

"Baba, wallahi na tausaya. Amma mu abin da jama'a suka zaɓa shi muke sawa. Zan sa wannan ɗin ranar Juma'a, in kuma yi bayani. Sauran sai abin da suka ce."

Saurayin ya cika alkawari. Ya sa, ya yi bayanin zambo da wanki daidai gwargwado. Abin da ya biyo baya shi ne abin da Na'iya bai taɓa kawowa a ransa ba. Wasu suka ce ai gatse ne, makaɗin ya ƙara masa ne ta bayan gida. Wasu suka ce ragon ya ji zafi ya kai wa makaɗi buhun gero. Waɗanda suka fara mantawa da ta farkon kuma sai aka tuna musu. Mako na zagayowa Raggon Tambaya ta koma kan gaba, bayan ta daɗe da sauka. Wankin kuwa ba wanda ya zaɓe shi. Na'iya na zaune a rumfar Ɗanmaliki ya ji sanarwar da kunnensa. Ya ajiye kofin shayin bai sha ba, ya tafi gida ya kwanta, ya yi kwanaki bai fita ba.

Daga nan ya daina ƙoƙari, don ya lura duk abin da ya taɓa ƙara lalacewa yake yi. Ya ci gaba da zuwa gayya da ɗan abin da ya rage na jama'arsa. Amma ya bar zambo. Da yabo yake fara wa kowa, manoma kuwa suka ce kiɗin Na'iya ya yi lami, ba ya tayar da tsikar jiki kamar da. Gaskiyarsu ce. Tsoron bakinsa yake ji.

Shekarar da aka fara maganar za a raba Jihar Arewa, wata safiya sai ga Dawuda ɗan Gidaɗo a kan keke. Ya durƙusa ya gai da shi, ya ce matarsa ta sauka, an sami namiji, kuma babansa ya ce a gaya wa Baba Na'iya ya zo suna, ya zo da ganguna. Na'iya ya sa ya maimaita maganar gangunan. Dawuda ya maimaita.

Ranar Na'iya bai iya zama wuri ɗaya ba. Wannan ne jikan Gidaɗo na fari namiji, kuma a gidansu jika na fari sunan kakansa yake ci. Sunan yankan Gidaɗo Usmanu ne, kuma a zuriyarsu duk wanda aka sa wa Usmanu, Gidaɗo ake kiransa, haka suka taras tun kakanni. Ke nan za a yi sabon Gidaɗo, kuma al'ada ce da an raɗa suna makaɗa su buga shi a ganga kowa ya ji. Ya je ya sami Ɗangiwa, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, ya ce masa taubashi ya huce. Za su buga sunan a gaban duk Kebbe, su zarce da wanki, na kaka da na jika a haɗe. Suka sake wa babbar ganga fata. Tsofaffi biyu suka zauna a zaure suna gwaji kamar masu koyo.

Sun isa Kebbe ana gobe suna. Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suka zauna, aka raba goro. Makaɗa ba sa zama cikin malamai, don haka Ɗangiwa da sauran suka tsaya can gindin wata tsamiya da gangunansu, inda magana ba ta kaiwa, suna jiran Na'iya ya kawo musu sunan. Shi kuwa, da yake ɗan'uwa ne, aka ba shi wuri a gefen tabarma. Gidaɗo na zaune kusa da liman, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Dawuda ya sunkuya ya raɗa wa liman magana a kunne. Aka yi addu'a aka shafa. Liman ya ɗaga kai ya ce an sami Haliru, Allah ya raya shi.

Na'iya ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya dubi Dawuda, Dawuda ya sunkuyar da kai. Jama'a suka ce Allah ya raya Haliru, aka fara tashi ana gaisawa, mahauci ya ja ragon suna zuwa bayan gida. Gidaɗo ya taso a hankali ya zo ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Dawuda ya so shi sa mai sunana," in ji shi. "Har kuka yay yi. Ni nih hana."

"Don mi, taubashi?"

"Yaro za shi makaranta. Za shi garuruwan da ban taɓa zuwa ba. A tambaye shi sunanai, shi ce Gidaɗo na Kebbe?" Ya girgiza kai. "Ni na san ko ni wa na, mutanen garinga ma sun sani. Shi bai noma komi ba tukuna da za shi nuna. In nib ba shi sunanga na cuce shi. Gara in tafi da abina."

Ba da fushi ya faɗa ba, kuma abin da ya fi ci wa Na'iya rai ke nan. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Na yi ta nema in gyara, Allah na gani."

"Na sani. Na ji faifan na biyu, Dawuda ya kai ni inda aka sa shi. Ya yi daɗi ƙwarai." Gidaɗo ya tauna goro. "Shi yas sa nic ce ka zaka da ganguna. Yaron ga bai da laifin kowa. Ina son bakin da yaf fi kowane baki kai nesa shi fara kiran sunanai da alheri. Tashi, mutanenka na jira."

Na'iya ya tashi. Ya nufi gindin tsamiya. Ɗangiwa ya riga ya rataya ganga, ya ɗaga gular kiɗi, bakinsa har kunne, 'yan amshi sun gyara tsayuwa. A cikin gida mata sun fara guɗa.

"An raɗa?" in ji Ɗangiwa. "Mu ɗauko shi daga bijimin kunya?"

Na'iya ya dubi sabuwar fatar gangar, ya dubi abokinsa.

"Haliru," ya ce. "Buga Haliru."